Kwamfutar da Mai Walda Ya Auna da Hannu

Mai Walda mutum ne da ba ya sayen abu sai ya ɗaga shi. Ko kwaɗo ne, ko tukunya, ko dutsen guga, zai ɗora a tafin hannu, ya ɗan jijjiga, ya kanne ido ɗaya. In abin ya ja hannunsa ƙasa, sai ya gyaɗa kai. In kuwa ya ji shi sakayau, zai mayar a hankali ya ce, "Wannan iska ce aka shafa wa fenti." Masu shagunan layin duk sun haddace maganar, har sukan riga shi faɗa.

A sana'arsa ba za ka ga laifinsa ba. Tun yana saurayi yake haɗa ƙofofi da tagogi da manyan ƙyamaren ƙarfe, kuma ya sha ganin ƙofar da aka yi da ƙarfe marar kauri ta lanƙwashe kafin shekara ta zagayo, alhali tasa tana nan daram har masu gidan su tsufa. Abin da hannunsa ya koya masa gaskiya ne a kan ƙarfe. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauka haka yake a kan komai na duniya, ga shi da taurin kai irin na mutumin da ya saba a ce masa ya yi daidai.

Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Ya'yansa maza biyu aiki ya kai su nesa, sai dai waya. Auta ce kaɗai ta rage masa a gida, kuma duk wanda ya san shi ya san ita ce ransa, ko da yake da za ka yanka shi ba zai furta hakan ba.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta da yayanta ya bar mata, mai tsagaggen murfi. A cikinta akwai wasan tseren mota na mutum biyu. Wata rana da yamma, bayan ya rufe shago ya wanke baƙin hannunsa, ya tsaya a bayanta yana kallo yana kushe tuƙinta.

"Haka ake shan kwana? Wa ya koya miki?"

"To zo ka gwada mana, Baba, tunda kai ne direba."

Ya zauna da niyyar nuna mata sau ɗaya. Daga ranar abin ya zama musu ƙa'ida. Ita tana danna maɓallan hagu, shi na dama, kafaɗa na gugar kafaɗa a kan ƙaramin teburin falo. Yatsunsa masu kauri, waɗanda tartsatsi ya gama ƙonawa, sukan danna maɓalli biyu a tare, motarsa ta faɗa rami, ya ce na'urar ce ke nuna son kai. A wajen wasan nan ne kawai bakinsa ke buɗewa. A nan yake ba ta labarin mahaifiyarta, a nan ita ma take gaya masa abin da ke damunta, kowa idonsa a kan titin da ke gudu a gabansu, ba mai kallon fuskar wani.

Sai Auta ta sami gurbin karatun digiri na biyu a fannin tsara birane, a wata jami'a da ke wani gari. Tafiyar ba ta kai a kwana a hanya ba, amma sai an shiga mota biyu, a sauka a taka da ƙafa mai ɗan nisa. Ranar da labarin ya zo, Mai Walda ya yi ta murna a gaban mutane, da ya shigo gida kuma ya kasa cin abinci. Auta ta lura.

"Baba, duk ƙarshen mako ina gida," ta ce. "Aikin namu a kwamfuta yake. In dai zan iya ɗauko ta, to a nan ma zan yi. Wannan tsohuwar ce ba za ta iya ba, sai an sami sabuwa."

"Wace iri?"

Ta lissafa masa da yatsu. Mai ƙarfi, domin zanen taswira yana cin na'ura. Mai riƙe caji. Wadda za ta ɗauki wasansu. "Sannan marar nauyi, Baba. Wannan shi ne babba. Kullum a bayana za ta kwana ta tashi."

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, sai dai kunnen Mai Walda yana da rariya. Mai ƙarfi ta shige, wasa ya shige, marar nauyi kuwa ta maƙale a waje, don a wurinsa wannan ba siffar yabo ba ce.

Ta ce ya bari su je tare ranar da ta sami sarari. Shi kuma yana son ya ba ta mamaki. Da aka biya shi aikin wani babban ƙyaure, bai gaya wa kowa ba, ya sa rigarsa mai kyau ya nufi shagon kwamfuta a cikin gari.

Mai shagon ba macuci ba ne, a faɗi gaskiya. Ya saurari bayanin, ya ciro guda biyu ya jera a kan kanta. Ɗaya siririya, ruwan toka, ba ta fi littafin zane kauri ba. Ɗaya baƙa, mai faɗi, da ramukan iska a gefe da fitilu ja a ƙarƙashin maɓallai.

"Baba, ga ɗaliba mai yawo, wannan siririyar ce daidai. Za ta yi zanen, za ta yi wasa daidai gwargwado, kuma tana yini da caji. Waccan ta masu zama wuri ɗaya ce, su yi ta wasa."

Mai Walda ya ɗaga siririyar, ya kanne ido. Hannunsa bai ji komai ba. Ya ɗaga baƙar, sai ya ji ta zauna masa a hannu, ransa ya yi fari.

"Wacce ta fi ƙarfi?"

"Baƙar ta ɗan fi, amma Baba..."

"Wacce ta fi jure wahala?"

"Ita ɗin ce dai, sai dai nauyi. Ka ga cajarta ma." Ya ɗora cajar a kan kanta, ta yi ƙara kamar an ajiye bulo.

Wannan ƙarar ce ta gama sayar da ita. "Ɗana," in ji Mai Walda, "kafin a haife ka nake auna kaya. 'Yata ba za ta tafi jami'a da iskar da aka shafa wa fenti ba." Mai shago ya ce in ba ta yi ba a dawo da ita cikin makon, zai canza. Mai Walda ya ce ba za a dawo ba, ya sa aka ɗora masa kwalin a mota har ƙofar gida.

Auta ta buɗe kwalin. Ta ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ta dubi cajar, sannan ta dubi mahaifinta. Yana tsaye a bakin ƙofa, baki har kunne, hannayensa a baya kamar yaron da ya kawo sakamako mai kyau. Rabon da ta ga wannan fuskar tun mahaifiyarta na da rai.

"Baba, ba ta ɗan yi nauyi ba?" ta ce a hankali.

"Ingancin ke nan! Ji ta fa. Wannan har 'ya'yanki."

Ta yi murmushi, ta ce Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Maganar canzawa bai gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da yamma suka kunna wasan. Motocin suka fito tar, har ƙurar taya ana gani, fankar cikinta na huci kamar injin walda. Ya cinye ta sau biyu a jere, ya ce yanzu ne aka sami na'ura mai adalci.

Makonnin farko ta cika alkawari. Takan iso gida da jaka a baya, ta sauke ta a kan kujera, ta tsaya tana murza kafaɗa. Shi kuwa jakar yake kallo da alfahari. Da igiyar jakar ta tsinke, ya kai aka ɗinke ta da zare mai kauri, har ya ƙara mata zoben ƙarfe biyu da ya haɗa da kansa, wato ya ƙara wa kayan nauyi ke nan yana ganin gyara ya yi.

Abin da bai gani ba shi ne sauran kwanakin mako. Ɗakinta a saman bene yake, ajinsu a can wani ƙarshen makarantar. Batirin ba ya kai ƙarshen lacca ɗaya, don haka duk inda ta je sai da cajar, kuma sai ta riga kowa zuwa don ta sami kujerar da ke kusa da soket. A ɗakin karatu in fankar ta tashi, sai kawuna su juyo. Kafaɗarta ta dama ta fara ciwo, ciwon ya gangara baya. A ƙarshe ta daina fita da ita. Ta girke ta a kan teburin ɗakinta, ta zama kamar ta ofis, duk aikin da za a yi sai a zo gabanta.

Sai ta fara zuwa gida hannu sake. Zuwan ya zama na gaisuwa. Ba wasa, tunda tsohuwar kwamfutar ta riga ta mutu, kuma da babu wasan sai uba da 'ya suka rasa inda za su ajiye idanunsu. Su zauna, ya tambayi karatu, ta ce lafiya, ya ce madalla. Hankalinta na kan aikin da ta baro, da sassafe ta kama hanya. Daga duk mako aka koma mako biyu, daga nan wata. Da lokacin rubuta kundinta ya zo, sai waya kawai.

Ƙanwarsa, wadda Auta ke kira Gwaggo, ita ce ta taɓa faɗa masa a fuska. "Yaya, kai ka ɗaure yarinyar nan a can. Ka saya mata turmi ka ce ta riƙa goyo."

"Ke me kika sani a kan kwamfuta?"

"Ban san komai ba. Amma na ga yadda take tafiya a karkace."

Ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu ne ba su da ƙashi. Ya ci gaba da jiran ƙarshen mako, yana share teburin falo, yana gaya wa kansa karatu ne ya yi zafi.

Auta ta gama, ta fito da sakamako mai kyau. Kafin ta huta ma wani kamfani ya ɗauke ta aiki a gari mai nisa, irin nisan da sai an yi dogon hutu ake zuwa gida. Ta yi waya ta ce za ta biyo ta kwana ɗaya da kayanta. Mai Walda ya rufe shago ya je tarbarta a tasha.

Ta sauko da akwati da jakar nan mai zoben ƙarfe. Ya ce ta ja akwatin, shi ya saɓa jakar. Wannan ne karo na farko da ya ɗauke ta ya yi tafiya da ita. A shago ya ɗaga ta ne na ɗan lokaci, kamar yadda yake ɗaga kwaɗo, kuma kwaɗo ba a yawo da shi, ƙofa ma inda aka kafa ta nan take tsayawa. Kafin su fita daga layin tasha igiyar ta fara cin kafaɗarsa. Ya mayar da ita ɗaya kafaɗar. Gefen cajar na dukan ƙugunsa a kowane taku. A kwanar gidan mai sai da ya tsaya, ya yi kamar yana gyara takalmi. Shi da ke ɗaga ƙyauren ƙarfe! Ya dubi 'yarsa da ke gaba tana jan akwati, siririya, kafaɗar dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu.

"Haka kike ɗauko ta? Mota biyu?"

"Ai ya wuce, Baba."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na tambaye ka ranar," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Ka ce ingancin ke nan. Kuma ka yi murna sosai."

Ya gyara jakar a kafaɗa, suka ƙarasa gida.

A falo ta buɗe akwatin, ta zaro wata siririya ruwan toka daga tsakanin kayan sawarta, da hannu ɗaya. Ta wurin aiki ce, in ji ta. Ya san ta, irin wadda ya ture a kan kantar mai shago ce. Bai miƙa hannu ya auna ba.

Ta jona baƙar a kan teburin, ta goge mata ƙura, ta nuna masa inda zai danna in yana son tsere shi kaɗai da na'ura. Suka yi wasa ɗaya. Motarsa ta faɗa rami tun a kwanar farko, bai ce an yi son kai ba.

Da safe ya raka ta bakin titi. Ta rataya 'yar jakarta, ta dubi fuskarsa, sai ta nemi abin da za ta faɗa ya ji daɗi.

"Na bar maka ita, Baba, ka riƙa wasa. Kuma gaskiyarka ce fa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa lalacewa ba."

Ya gyaɗa kai, ya yi mata addu'a, motar ta tashi.

Tana nan har yau a kan teburin falo, lafiyarta ƙalau, fankar na huci. Da yamma yakan kunna ta ya zauna ta ɓangaren dama, don hannunsa bai saba da maɓallan hagu ba. Gwaggo ta taɓa shigowa ta same shi a haka, ta ce ai ko ba komai ya sayi abu mai ƙarko.

"Ƙarko kam akwai," ya ce. "Da ma tun watan farko ta lalace."