Bishiyar da na yi wa zobe

Shekarun baya, lokacin da mahaifiyata ta zo mana ziyara garin Beltsville a Amurka, na tafka wani abu da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina da aboki ɗan Filato, nas ne, mayen hawan dutse. Shi da wasu 'yan sa-kai suna fafutukar doka ta killace wani daji da ke kan duwatsun Virginia, a bar shi yadda Allah ya yi shi: ba titi, ba injin yankan katako, ko keke ba zai shiga ba. Ni kuwa tsiya nake masa. "Mutumina, ka baro duwatsun Jos ka zo kana gadin na wasu?" Sai ya yi dariya ya ce in zo in gani tukuna.

Wata Asabar na bi su. A lokacin Hajiya, mahaifiyar tawa, na fama da ciwon gwiwa, kullum mitarta maganin asibiti bai kama ƙafar sassaƙen gida ba. Muna cikin tafiya na karya wani ɗan reshe, sai ƙamshin man zafi ya bugi hancina. Na ce a raina, to, Allah ya kawo magani. Na ce musu zan kama ruwa, su yi gaba. Na zaro wuƙa na nufi bishiyar, doguwa santaleliya, na tsaga ɓawonta na kewaye ta kaf don in samu da yawa. Ni fa, injiniya guda, da digiri biyu! Na cusa a jaka na cim musu har ina fito.

Da na isa gida na baje shi a faranti ina jiran a sa mini albarka. Hajiya ta ɗauki ɓawon, ta haɗa bakinsa biyu, ya koma kamar ƙaramar ganga.

"Kewaye ta ka yi?"

Na ce eh.

"Innalillahi! Ai ka kashe ta."

Ta ce a ƙauyensu mai ɗiban sassaƙe gefe ɗaya yake taɓawa, faɗin tafin hannu, sannan ya kwaɓa laka ya shafe wurin don ya warke. Ba a yi wa bishiya zobe sai in mutuwarta ake nema. Ta ture farantin. "Ni ban san bishiyar nan ba, kai ma ba ka san ta ba. Ba zan dafa ba."

Da shekara ta zagayo, abokina ya nuna mini hoto a wayarsa. Bishiyar ce, tsaye ba ganye ko ɗaya, ga zoben nan fari fat. "Dubi abin da wani mara imani ya yi," in ji shi. Ya ce hoton suke kaiwa taro don a ga dalilin da ya sa dajin ke bukatar tsaro. Kun san me na ce? Na kaɗa kai na ce, "Kai, mutane ba su da tsoron Allah." Wallahi wannan maganar ta fi wuƙar damuna.

Daga baya an killace dajin. Ni ma na shiga 'yan sa-kan, kowa na yabon himmata, ni kaɗai na san abin da ke kai ni. Wata rana aka ce bishiya ta faɗo ta tare hanya. Tunda an hana inji a wurin, zarton hannu ake ɗauka, irin dogon nan na mutum biyu. Aka haɗa ni da abokina. Muna isa na gane ta.

Shi yana can ɓangare, ni ina nan, yana ja ina ja. Muna tsakiyar gungumen na saki zarton na ce, "Ni ne na yi mata zoben, don in kai wa Hajiya maganin gwiwa."

Ya dube ni. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai kawai ya tambaya, "Mama ta ji sauƙin gwiwar?"

Na ce ko dafawa ba ta yi ba.

Ya share gumi. "To kama, malam. Ba ya yankuwa da mutum ɗaya."

Na zo ƙasar nan ina ganin killace daji rigimar Turawa ce, ashe tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta riga su sanin ladabin bishiya, ni ne dai ban tsaya na koya ba. Hajiya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kututturen yana nan a gefen hanya, kuma duk sanda muka kai sababbin 'yan sa-kai, abokina yakan tsaya a wurin ya bar ni in faɗa musu da bakina wanda ya yi.