Yadda Na Goge Goggo Daga Tarihin Gidanmu

Shekarun baya, ƙungiyar cigaban garinmu ta gyara ɗan asibitin da muke da shi, aka ce za a buga ƙaramin littafin tarihi a raba ranar buɗewa. Garin namu yana can wajen Nasarawan Doya, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka marigayi kakana, tsohon mai unguwa, shi ya ba da filin asibitin. Don haka aka ware wa gidanmu shafi huɗu. Baffana ya kirawo ni gida daga Zariya, wai ni ne ɗan bokon gida. Ni kuwa na taho da kwamfuta a jaka ina hura hanci, kai ka ce tarihin Zazzau gaba ɗaya aka danƙa mini.

Kwana uku ina bin tsofaffi: wa ya haifi wa, daga ina aka taso, wa ya haƙa rijiyar masallaci. Daga ƙarshe na shiga ɗakin Goggo, yayar kakana. Ta tsufa tukuf, idonta ya tafi. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin garin a hannunta suka faɗo duniya, don ita ce ungozoma.

"Filin asibiti?" ta ce. "Ai gonar rakena ce, gadona na wajen babanmu. Wata mai naƙuda ce ta cika a kan cinyata cikin amalanke, muna hanyar Maƙarfi. Da na dawo na ce wa ƙanena ya je ya gaya wa hukuma ga fili. Shi ya dangwala hannu, tunda shi ne mai unguwa."

Na tambayi dattawa biyu, kowa ya ce haka aka yi. Na rubuta, na kai wa Baffa a zaure. A lokacin yana neman kansila. Ya karanta, ya ture kwamfutar gefe.

"Cire wannan."

"Baffa, gaskiya ce fa."

"Ban ce ƙarya ba ce. So kake a ce mahaifinmu ya mutu da yabon da ba nasa ba? Kuma salsala ta masu zuri'a ce. Ita wa ta bari da zai zo ya yi ƙorafi?"

Da na so in ce muku na yi gardama. Ban yi ba. Na sunkuyar da kai na goge labarin gonar, Baffa ya sa na cire har sunanta daga jerin 'ya'yan mahaifinsu ita da kakana, wai kada shafi ya cika.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka yi ta kiran sunan kakana a lasifika. Goggo ba a fito da ita ba, wai rana za ta dame ta. Washegari ta aika a kira ni.

"Karanta mini abin da ka rubuta."

Na buɗe littafin, na riƙa karanta abin da babu shi a ciki: gonar, amalanken, duk daga kaina. Tana ta gyaɗa kai. Da na gama sai ta miƙo hannu.

"Ɗora mini yatsa a kan sunan nawa."

Na kama yatsarta na ɗora a kan sunan kakana. Ta daɗe tana shafawa.

"Ashe haka nake a rubuce. Allah ya yi maka albarka."

Ba ta kai lokacin kaka na gaba ba. Allah ya jiƙanta.

Baffa ya ci kansilansa, ya sauka, yanzu ko maganar ba ya tunawa. Na daɗe ina ɗora masa laifin, amma shi magana kawai ya yi, hannun da ya goge nawa ne. Albarkar nan da ta sa mini kuwa, har yau ban san inda zan ajiye ta ba.

Da sallar da ta wuce na je gida. 'Yar ƙanwata, wadda yanzu take aikin jinya a asibitin nan, tana ba baƙi labarin kyautar kakana. Na ce mata gonar Goggo ce. Ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Kawu, anya ba ka manta ba? Babu wata Goggo a littafin. Kuma ai kai ka rubuta shi."