Tsohuwa Mai Goyon 'Yar Aji Uku

Malam Ja'afaru bai san sunanta ba. Daga tagar ajinsa, a firamaren wani ƙauye bayan Minjibir, yake hango ta kullum: tsohuwa siririya, kallabi ya koɗe, tana ratso gonakin gero da ɗalibarsa Luba a goye. Luba ta wuce goyo. Ƙafafunta da shan inna ya shanye suna reto har gwiwar tsohuwar. Wataƙila uwar tana kulle, shi ya sa aikin ya faɗo kan kaka, wadda ba mai tambayarta ina za ta. Yadda hatsi ya yi tsada bana, wataƙila ko koko ba ta sha ba.

Ba ta komawa gida. Gindin darbejiya take zama tana ɓarar gyaɗa, kunnenta na aji, ko jikar za ta nemi bayi.

Jiya ya ce wa hedimasta yara sun haura ɗari, ba zai iya da gurguwa ba, a kai ta makarantar irinsu a birni. Ya san ba inda za a kai ta sai ƙuryar ɗaki. Hedimasta ya ce masa ya je ya gaya wa tsohuwar da bakinsa.

Yau yana isa gindin darbejiyar, tsohuwar ta ɗago tana dariya.

"Kai ne malamin Luba? Wai ka ce duk ajin ba mai kai irin nata? Bayana dai ya ƙare, amma sai ta zama likita ta gyara min."

Bai taɓa faɗa ba. Ko tambaya bai taɓa yi wa yarinyar ba.

"Haka ne, Inna," ya ce, idonsa a ƙasa. "Gobe a zaunar min da ita gaban allo."