Ranar da Kwamfutata Ta Koma Rarrafe

Haɗa bidiyon biki da suna nake yi a wani ɗan shago a Dutsin-Ma. Don aikin ya yi sauri na sa wa kwamfutata sabon faifan ajiya, irin wanda ake kira SSD, ya kuwa yi gudu. Wata safiya saƙo ya fito a allo, wai in sabunta manhajar da ke tafiyar da faifan. Na danna, na fita shan koko.

Da na dawo, komai ya koma rarrafe. In na taɓa bidiyo sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa. Na kashe na kunna. Na ɗora kwamfutar kan bulo na juyo mata fanka, ko zafi ne. Shiru.

Ana haka sai ga gwaggona daga Wurma ta wajen Kurfi, ta zo karɓar bidiyon sunan jikarta. Ta zauna a benci tana kallona ina tashi ina zama.

"Ɗan nan, kai ne ba lafiya ko injin?"

"Yanzun nan zai yi, Gwaggo."

Bai yi ba. Na kira wani abokina mai gyara. Ya ce, "Kwashe aikin mutane zuwa wani faifan tukuna. Ya cika?" Na duba, ya kusa cika maƙil. Ya sa na rage kaya, ya nuna mini inda zan kunna sharar da faifan ke yi wa kansa. "To, bar shi a kunne, kar ka taɓa."

Rashin taɓawar nan ya fi komai wuya. Na je masallaci na dawo, na leƙa. Na share shago, na leƙa. Bayan la'asar Gwaggo ta ɗauki mayafinta don kar motar Kurfi ta wuce ta.

"Mata na can na jirana, mi zan ce masu?"

Na raka ta tasha.

Washegari saurin ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Ranar kasuwar Kurfi na hau babur na kai mata har gida. Mata suka cika tsakar gida ana kallo, Gwaggo ta juyo tana mini faɗa don na ɗauke ta a bidiyon da goro cike da baki.