Sunan Mai Tabo

Wata rana aka ce manya za su zo duba aikin wani asibitin masu ciwon damuwa.

Jikokina, ku zo ku ga fenti! Har fankar da ta shekara a mace ta tashi.

A kan benci akwai Inna Kande da 'yarta ta fari, matashiya mai ɗinki. Idan baƙin ciki ya danne yarinyar, jikinta take ji wa ciwo. Zuwansu biyar ke nan, kullum nas sai ta leƙo ta ƙwala a gaban jama'a: "Mai tabo, shigo!"

Da safen nan yarinyar ta rantse, in aka sake kiranta haka ita da asibiti har abada. Abin da Kande ke tsoro ke nan. A gida babu likita, sai ɗaki da shiru.

Manyan suka shigo, shadda na ƙara. Suka ƙirga kujeru, suka leƙa banɗaki, wani har da shafa bango. Hannun yarinyar kuwa, dama nas ta ce ta ja hijabi ta rufe kada baƙi su gani.

Babbansu ya tsaya kan Kande, biro a hannu, ido a kan agogo.

"Iya, kin gamsu da aikinsu?"

"Ranka ya daɗe, sa nas ta faɗi sunan yarinyar nan. Ni dai, 'yar farina ce, shekara ashirin da uku kunya ta hana ni faɗa. Ita me ya hana ta?"

Nas ta hau jujjuya katuna.



Sai wata dattijuwa mai shara ta ɗago daga lungu: "Ummulkhairi ce. Ita ta gyara min wuyan rigar nan."

Babban ya yi gyaran murya, ya rubuta aiki ya yi kyau, suka wuce cin kajin da aka soya musu. Allah wadaran wannan duba aiki!

Ranar da aka sa mata, Ummulkhairi ta dawo ganin likita. Ba don fentinsu ba. Da ta shigo, sai da ta fara gaida mai tsintsiyar nan.

Darasi: In za ku auna asibiti, ku bar bango, ku tambayi wadda ke kan benci da wane suna ake kiranta.

Ku tura wa duk mai farar riga da kuka sani, ko ya ji kunya.