Ƙauyenmu da Bai Fito a Taswira Ba

Aikina a Ƙaura Namoda shi ne zana inda za a binne faiba, wayar nan mai zaren gilashi da ke kai sabis ga ƙarafunan waya. Kamfanin ya ba ni ɗaki guda, da kwamfuta, da fanka mai kuka. Ba ni da abokin hira. Oga yana can birni, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: a taƙaita layi, haƙa tsada gare ta.

Yadda ake yi, kwamfuta ke nuna inda wayoyin hannu suka fi kunnuwa, can za a ja layi. Moriki ta fito jajir, ranar kasuwa kuwa ba a magana. Ƙauyenmu, da ke bayan tudu gabas da ita, ya fito fari fat, sai ka ce ko kaza babu.

Ni na san dalili. Mutanenmu ba sa barin waya a kunne, tunda ba sabis, ga caji sai an kai gari. A leda suke ƙulle ta, sai sun iso kasuwar Moriki su kunna. Kwamfuta kuma ta lissafa su cikin mutanen Moriki.

Na yi wa oga wannan bayani har makogwarona ya bushe. Na ce reshe ɗaya kawai, ƙarfe ɗaya a kan tudun. Ya yi dariya, wai kowa ƙauyen uwarsa yake gani a taswira. Wallahi raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Inna na can ba ta da lafiya, hanya kuma ba ta biyuwa yadda mutum ke so. Muryarta nake nema, ba wani abu ba.

Layi ya bi titi ya wuce. Na koma jiran ranar kasuwa, lokacin da yayata ke kirana daga rumfar mai caji. Sauran ranakun, kaɗaici kamar ya kashe ni.

Wata ranar kasuwa Yaya ta kira da hantsi. Ina jin kukan shanu a bayanta. Ta gaishe ni har da tambayar gajiya, sannan ta ce:

"Sai haƙuri, ɗan'uwa. An rufe Inna tun shekaranjiya."

Na tambaya ko ta bar mini magana. Yaya ta ce Inna ta sa an kwance ledar, an kunna wayar, an ɗora mata a kunne. Ta daɗe tana yi mini magana a wayar da ba sabis.