Juya Wayar, Malam Aƙilu

Shekara talatin Malam Aƙilu yana lodin masara a kasuwar Bakori, har ya zama shugaban 'yan dako. A da, babbar mota har cikin ƙauye take shiga, shi kuwa ya tsaya a gindinta, mutanensa suna jera buhu.

Sai hanyoyin ƙauye suka zama abin tsoro, direbobi suka ce ba mai sauka daga kwalta. Aƙilu bai yi gardama ba. Ya tara 'yan acaɓa suna jido kaya buhu bibbiyu zuwa bakin titi. Da mai ya yi tsada, ya koma amalanken shanu. Duk sauyin da ya zo a gadon bayansa yake sauka, bayan da tuni ya daina miƙewa.

Bana kuma fatake sun daina zuwa. Alhaji Awaisu, wanda a da sai sun ci tuwo kwano ɗaya da Aƙilu kafin a ɗaure wa mota tamfol, yanzu daga Legas yake kiran bidiyo don ya ga lodi.

Ranar kasuwa wayar ta yi ƙara. Aƙilu ya share gumi, ya gyara hula.

"Alhaji, barka da rana. Ya iyali?"

"Malam Aƙilu, juya wayar. Buhunan nake son gani."

Ya juya. Haka ya riƙe ta har aka ɗora buhun ƙarshe. Alhaji ya kashe, bai ce a juyo da ita ba.